Inda Layin Waƙa Zai Tsaya

Mu 'yan ƙungiyar mawaƙa ta makarantarmu a nan Wudil, mu ne muke shirya takardun waƙoƙin Kirsimeti da na Ista. Rubutun sol-fa muke bi, wato d r m f s l t, wanda John Curwen ya yaɗa a Ingila tun shekarun 1840. Muryoyi huɗu ne a jere, sofrano, alto, tena da bas, kowace gaɓar kalma kuma daidai da harafinta.

Magabatanmu da tafireta suke bugawa a kan sitensil, su sa ƙugiyar ƙ da ɗ da hannu. Mu yau kwamfuta gare mu, amma ita ba ta numfashi. Inda faɗin takarda ya ƙare, nan take yanke layi, ko a tsakiyar kalma ne. Sai ka ga "Ubangi-" a bakin layi, "ji" kuwa ya faɗa can ƙasa. Kafin idon ɗan aji ɗaya ya gano shi, bas sun wuce. Jama'ar ikkilisiya kuwa mu suke bi. In mun yi tuntuɓe, duka majami'a ta yi.

Saboda haka da kanmu muke yanke layi, a daidai inda mawaƙi zai ja numfashi. Korus kuma ba mu yarda ya tsallaka bayan shafi. Gara mu bar rabin shafi fari, ko da za a yi mana ƙorafin tsadar takarda, kuma akan yi. Kafin a kai fotokofi, mutum huɗu sukan rera waƙar daga takardar, na biyar yana riƙe da fensir.