Kwalbar Fetur da Kalmar "Transparent"



Wani ƙanena mai shirin jarrabawa ya tambaye ni ma'anar kalmar Turanci "transparent". Na ce masa ita ce siffar abin da ido ke ratsawa ya hango na bayansa, kamar gilashi ko ruwa garai-garai. In tufafi ne mukan ce shara-shara, Larabawa kuwa su ce shaffaf. Asalinta Latin ne: "trans", wato ƙetarewa, da "parere", wato bayyana, ta kuma shiga Turanci a ƙarni na 15. Haka ma ake rubuta ta da Faransanci, saboda haka ɗan makarantar Segbana ta Jamhuriyar Benin ya san ta kamar yadda na Tsamiya a ƙasar Bagudo ya san ta, furuci ne kawai ya bambanta.

Ya yi godiya ya tafi, amma ni tambayar ta tono mini abin da na daɗe ina binnewa.

Ina saurayi, nakan taya kawuna sayar da fetur a bakin hanyar Tsamiya. A farar kwalba muke zuba shi, domin mai saye ya ɗaga ta ya duba launi da laka kafin ya biya. Wata rana da Kawu ba ya nan, a lokacin kananzir ya fi fetur araha a wajenmu, sai na tsarma shi cikin kwalabe huɗu. Wani ɗan kabu-kabu ya ɗaga ɗaya, ya haska ta da rana, ya gamsu. Kwalbar ba ta ɓoye masa komai ba, idonsa ne bai kai ba. Duk sanda na karanta aya ta 44 a Suratun Naml, inda sarauniyar Saba'i ta ga daɓen gilashi a fadar Annabi Sulaiman (AS) ta zaci ruwa ne, wannan mutumin nake tunawa.

Da la'asar ya dawo yana tura babur, gumi sharkaf. Kawu ya sunsuna kwalbar, ya mayar masa da kuɗinsa har da na gyara, sannan ya dube ni.

"Ɗana, kai ka ɗura waɗannan?"

Na ce, "Haka aka kawo mana, Kawu."

Bai ƙara cewa uffan ba. Sai bayan shekara shida na iya faɗa masa gaskiya, ya ce tun ranar ya sani. Ɗan kabu-kabun kuwa ko sunansa ban riƙe ba, balle in nemi yafiyarsa. Kwalabe ukun da suka rage an sayar da su tun kafin ya dawo.