Makunnin fitila yana hannun wa?

Hausawa sun yi wa dare kirari biyu masu karo da juna. Sun ce dare mahutar bawa, sun kuma ce dare rigar mugu. Tsakanin waɗannan biyu fitilar kan titi take aikinta: tana tuɓe wa mugu rigarsa, tana kuma barin mai neman halaliya ya ƙara sa'o'i a kan yininsa. Shekara da shekaru ba ta san kome ba sai kamawa da magariba da mutuwa da asuba. Yau al'amarin ya sake, domin fitilar ta zama abin da ake yi wa umarni daga nesa, ita ma tana mai da jawabi, har wata babbar kasuwa ta kafu a gindinta. Ya kamata a fahimci wannan kasuwa tun kafin dillalanta su yi sallama a ma'aikatun magadan gari.

Mafarin canjin shi ne ƙwan fitilar da ake kira LED. Masana uku ƴan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda gano shuɗin LED, wanda daga gare shi ake samun farin haske. A 2009 birnin Los Anjalis na Amurka ya fara sauya fitilu 140.000 zuwa wannan sabon ƙwai, wutar da suke sha ta ragu da fiye da kashi 60 cikin 100. Amma ba tsimin wuta ne kaɗai bambancin ba. Tsohon ƙwai mai jan haske sai ya yi mintoci yana ɗumama kafin ya haska sosai, shi kuwa LED nan take yake kamawa, ana kuma iya rage shi ko a ƙara shi kamar lagwanin fitilar kananzir. Abin da ke karɓar ragi da ƙari kuwa, dole a sami mai juya shi.

Ga yadda ake juyawar. A kan kowace fitila ana ɗora wata ƴar na'ura da ba ta wuce girman ƙoƙo ba. Ita ce ke magana da kwamfutar ofis, ko ta igiyar rediyo ko ta layin salula. Ma'aikaci yana zaune gaban taswirar gari, kowace fitila ɗigo guda ce: yana ganin wadda ta mutu, da wutar da kowace ta sha, yana kuma iya dusashe unguwa sukutum da latsawa ɗaya. In an haɗa da na'urar jin motsi, fitilar kan yi dishi-dishi idan hanya ta yi tsit, ta farka in mota ko mutum ya gitta.

Daga nan ciniki ya canja kama. Ƙwan LED yana iya wuce shekara goma bai mutu ba, don haka wanda ƙwai kaɗai yake sayarwa zai daɗe bai sake ganin mai saye ba. Sai kamfanoni suka koma sayar da hanyar sadarwa da manhajar sarrafawa, waɗanda ake biya shekara-shekara kamar kuɗin haya. Manya suka shiga haɗiye ƙanana. A farkon 2018 kamfanin Itron na Amurka ya kammala sayen Silver Spring Networks a kan kusan dalar Amurka miliyan 830. A shekarar ce kuma sashen fitilu na Philips ya koma amsa sunan Signify, a 2021 ya sayi Telensa na Ingila, wanda ya ƙware a sarrafa fitilun titi daga nesa. Idon waɗannan kamfanoni yana kan turken kansa, domin yana da tsawo, yana da wuta, kuma ya ratsa unguwanni. Ana iya rataya masa ma'aunin gurɓatar iska, ko na'urar ƙirga motoci, ko kyamara. Wannan ne harsashin abin da ake yi wa laƙabi da birni mai wayo.

Birnin San Diyego na Amurka ya ɗanɗana zaƙin abin da ɗacinsa. Daga 2017 aka liƙa wa fitilunsa na'urori kimanin 3.200 masu kyamara, da sunan ƙirga motoci da masu tafiya ƙasa. Ba a daɗe ba ƴan sanda suka fara neman hotunan don bincike, alhali mutanen gari da dama ba su san fitilu na kallon su ba. Da ƙorafi ya yi yawa, magajin gari ya ba da umarnin dakatar da su a watan Satumba na 2020. Sai aka tarar kyamarorin ba su daina ɗauka ba, domin yanke musu wuta yana nufin kashe fitilun su ma. Bayan an kafa dokar sa ido, majalisar birnin ta amince da sabon shiri na kyamarori 500 a 2023. Gari mai arziki da lauyoyi ke nan ya wayi gari makunninsa ba ya hannunsa.

A ƙasashen Sahel wannan fasaha ta ƙofar hasken rana take shigowa. A 2018 Senegal ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Fonroche na Faransa don kafa fitilu 50.000 masu aiki da rana. Ƴan Nijar kuwa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan amfanin fitilar da ba ta jiran waya: a watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Fitilar rana tilas ta yi lissafi, don abin da batir ya tara da yini shi za ta ci har asuba, shi ya sa takan rage haske in dare ya raba. Ƙurar hunturu tana rufe faranti, zafin bazara yana rage kwanan batir. A nan sa ido daga nesa alheri ne babba, domin ana iya gane batir mai ciwo tun bai mutu ba, maimakon a bar turaka jere a bakin hanya ba haske, kamar itatuwan da fari ya cinye.

Matsalar tana wajen wanda ya tsara lokacin ragin. An ƙera waɗannan na'urori a garuruwan da titi wurin wucewa ne kawai. A Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, gindin fitila wurin zama ne. Nan mai shayi ke kafa teburinsa, nan mai tuyar ƙosai ke jiran ciniki, nan samarin fada ke hira, nan kuma ɗalibin da gidansu ba wuta yake shimfiɗa tabarma idan jarrabawar BEPC ko BAC ta gabato. Na'urar jin motsi tana gane mota, tana gane kabu-kabu, amma yaron da ya duƙufa a kan littafi ba ya motsi. A lissafinta hanyar ba kowa, sai ta dusashe, ta bar shi yana laluben baƙi. Ba mugunta ta yi ba, abin da aka gaya mata ta bi, wanda ya gaya mata kuwa bai taɓa ganin wannan tabarma ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya wajaba majalisar gari ta yi kafin ta sa hannu. Wa ke riƙe da kalmar sirrin da ake canja lokutan haske da ita? In kuɗin shekara ya gagara, fitilar za ta ci gaba da ci, ko za ta mutu tare da kwangilar? Bayanan da turke ya tattara mallakar wa ne, kuma wa ke da izinin duba su? Za a iya cire na'urar wani kamfani a sa ta wani? Don wannan tambaya ta ƙarshe ne masana'antun da kansu suka kafa ƙungiyar TALQ a 2012, domin kayan kamfanoni dabam-dabam su riƙa jin maganar juna, kuma gari yana da ikon ƙin abin da bai bi irin wannan ƙa'ida ba. Sai kuma maganar gyara: kwangilar da ba ta tanadi horar da masu gyara ƴan gari ba, zanen aro ce, wanda ba ya rufe katara.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da ta cewa a nan fiye da yadda ake zato. Su suka san turken da ɗalibai ke taruwa, da watannin da karatun dare ke tsananta, da dandalin da ake wasan kwaikwayo ko kokowa. Wannan sani ba ya cikin kowace manhaja sai in an kai shi. Ranar da majalisa za ta zauna kan jadawalin haske, ya kamata a ga shugaban makaranta da wakilin iyayen yara a zauren, riƙe da jerin turakan da ba za a rage wa haske ba daga Afrilu har a gama jarrabawa.