Baƙon Sauti Ko Ɗan Gida? Hijazi a Kan Tsirkiyar Jita

Littattafan koyon jita na Turai da Amurka sukan ware wasu jerin sautuka su kira su baƙi. Daga cikinsu akwai wanda Larabawa ke kira maƙamin Hijazi. Ginshiƙinsa sautuka huɗu ne: rabin taki, sai taki ɗaya da rabi, sai kuma rabin taki. A kan tsirkiya guda, mai kiɗa zai bugi sakakkiyar tsirkiya, ya danna gurbi na 1, ya tsallaka zuwa na 4, ya sauka a na 5.

Wani matashi a Surko, cikin yankin Birnin Kudu, ya shafe damina guda yana fama da wannan tsallake. Kunnensa ya tashi ne da jerin sautuka biyar da aka fi ji a garaya da molo, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, inda rabin taki ba ya yawan fitowa. Ƙaramin yatsansa ya ƙi kai wa gurbi na 4 sai da ciwo. Amma ranar da sautukan suka jeru daidai, sai ya tarar ya san su tun yana goye. Ya sha jin su a kiran salla, da ƙira'ar makarantan Masar irin su Abdulbasiɗ Abdussamad, da waƙoƙin finafinan Indiya, waɗanda Brian Larkin ya nuna yadda masu bandiri a Kano suka ari karinsu. Ashe yatsu ne baƙi, kunne ɗan gari ne.

Daga nan matsala biyu suka taso. Ta farko ta harshe ce. Hausa tana bambanta ma'ana da karin sauti, don haka idan waƙa ta hau inda kalma ke sauka, ma'ana takan gurɓace. Dole ya riƙa sauya kalma ko ya karya jerin. Ta biyu ta fi nauyi. Mahaifinsa ya ji amon da ya saba ji a masallaci yana fitowa daga kayan kiɗa, a al'ummar da ta daɗe tana danganta garaya da bori, tana kuma kallon kiɗa a matsayin sana'ar maroƙa. Bai hana shi ba, amma ya ce kada ya ƙara buga wannan karin a cikin gida.

Wannan umarni ya cancanci nazari. Uban bai san sunan maƙami ba, amma ya gane shi, ya kuma san muhallin da ya dace da shi. Mai nazarin kiɗan Hausa da ya tsaya a kan jerin sautuka biyar kaɗai zai bar rabin abin da Bahaushe ke ji a waje. Matashin yana ci gaba da atisaye a bakin gona, inda babu wanda zai rikita amon jita da kiran ladan.