Hawan Timiya da man moto

Ƴan'uwa mata, daga Agadas zuwa Timiya ya fi kilomita 200, ana ta hawa cikin duwatsun Ayar har lambunan lemu da rumman. Direbobin moto kan ce sai da mai na musamman, mai tsada, ake hawa. Kar mu biya. Can sama iska ba ta da kauri, matsi cikin inji yana raguwa, super ɗin SORAZ ya wadatar. In moto ya rage ƙarfi, buji ya yi baƙi, ƙarancin iska ne. Abin tsoro man kwalba ne da aka gauraya da kananzir. Moton da kuɗin asusunmu ya saya, a cika masa tanki a gidan mai tun Agadas, a ɗauki bido da buji guda.