Ƙarar Sauti Daban, Jin Magana Daban

A hunturun bara na ƙudiri aniyar rubuta abin da ke cikin kaset tara da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bari, inda ya ba da tarihin zuriyarmu da bakinsa. Da aka juye mini su a waya, sai na sayi babban hedifon na gwanjo, irin na ma'aikatan gidan rediyo. Ina sa shi na ji muryar Baba kamar daga ƙasan rijiya, kunnen hagu kuma yana ɗaukewa yana dawowa.

Nan take zuciya ta raya mini in sayi amfilifaya ta aljihu, wato 'yar na'urar da ake jonawa tsakanin waya da hedifon don ta ƙara wa sauti ƙarfi. Wani mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano ne ya taka mini burki. Ya ce, "Malam, ai ba a sayen magani sai an san ciwo."

Ya jona hedifon ɗina a wata waya, ya jona wani a tawa, don ya gane ɓangaren da ke da laifi. Ya sa tsinken sakace ya zaro curin ƙura da zaren aljihu daga ramin wayar, waɗanda suka hana filogi shiga har ƙarshe. Sannan ya lanƙwasa igiyar daga gindin filogi, kunnen hagu ya ɗauke ɗif: ashe ta tsinke daga ciki. Duk tsadar amfilifaya, ba ta da maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Bayan gyara sautin ya daidaita, amma ya kasance ƙasa-ƙasa. Sai ya nuna mini rubutun da ke jikin hedifon: om 250. Wannan shi ne ma'aunin turjiyar da yake yi wa lantarki. Ƙananan na kunne da muka saba da su yawanci om 16 zuwa 32 ne, waya na iya ɗaukar nauyinsu. Mai om 250 kuwa yana buƙatar ƙarfin da yawancin wayoyi ba sa bayarwa. A nan ne kaɗai amfilifaya ta zama dole.

Wajen zaɓe na koyi abu uku. Na farko, a duba ƙarfin da take fitarwa a kan om irin na hedifon ɗinka, kada girman lambar da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Na biyu, a duba mahaɗa: tun da Apple ya cire ramin milimita 3.5 daga iPhone 7 a 2016, wayoyi da dama sun bi sahu, don haka wasu sai mai shiga ta USB-C. Irin wannan tana shan cajin waya, mai batirin kanta kuma ƙarin kaya ce da za a riƙa nema wa wuta. Na uku, a gwada ta ba tare da kunna komai ba. In ana jin shuuu, a ajiye ta.

Na saya, muryar Baba ta fito, amma tare da hayaniyar tsohon kaset, domin amfilifaya ba ta tace tsaki daga tsakuwa. Don in kama wani suna da ya shige mini duhu, na yi ta murɗa ƙara dare uku, har na wayi gari kunnena yana kuwwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar babba, ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne kuma in sun mutu ba sa tsirowa.

Na rage ƙara, na ɗauki kaset ɗin na kai wa gwaggona. Sau ɗaya ta saurara, ta faɗa mini sunan: kakar kakanmu ce.