Kufai Tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi da rani, bayan an sare kara, zai hangi kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar fili, babu gida ko ɗaya kusa da su. Kuka ba ta cika taruwa haka kawai ba. Mutane ne ke barin ta domin miya da igiya, saboda haka inda ta taru, galibi kufai ne.

A gonar kakana na koyi karanta irin wannan ƙasa. Garma takan tono tsingaro mai zanen da ba a yi yanzu, da baƙin kashin tama mai nauyi a hannu. Akwai wani dogon tudu da muke tsallakewa kullum, shi kuwa tsohon bai taɓa kiran sa tudu ba, ganuwa yake cewa. Kowace damina ruwa na cin rabonsa, masu yin bulo na ɗibar nasu.

Ba mu kaɗai muka ci gadonmu ba. A arewacin Ingila, katangar da Sarkin Rum Hadiriyan ya sa aka fara a shekarar 122 Miladiyya ta zama ma'adinar manoma, suka yi ta kwasar duwatsunta suna gina gidaje. Sai dai dutse ko an sace shi yana nan a jikin wani gini. Tamu ta ƙasa ce, idan ta narke ta koma gona.

Shi ya sa na fi jin kusanci da mutanen Danmak da suka zauna can daga baya. Gidajensu na katako sun ruɓe, amma sunayen da suka raɗa wa garuruwa, irin su Girimsbi, na bakin mutane har yau. Mu ma haka. Karofi da ke ƙasar Dutsin-Ma, sunanta kaɗai ya isa shaidar rini, domin karofi marina ce a bakin Katsinawa.

Durɓi Ta Kusheyi ta ƙasar Mani ta yi sa'a: an haƙa ta a 1907 da 1992, aka rubuta abin da aka samu. Ganuwar gonarmu ba ta cikin littafin kowa. Dattawa uku na sani da ke iya faɗin inda ƙofarta take, biyu sun rasu, na ukun kuma rashin tsaro ya mayar da shi Katsina wajen ɗansa.