Hadda da Matakalar Bloom

Duk wanda ya zo karatun fannin koyarwa a Ingila ko Amurka, ba zai yi nisa ba sai ya haɗu da sunan Benjamin Bloom. A 1956 shi da abokan aikinsa suka jera manufofin koyo hawa shida kamar matakala: sani a ƙasa, sai fahimta, sai aiki da abin da aka sani, sai feɗe shi, sai harhaɗa shi, sai auna darajarsa a can sama. Da aka yi wa jerin gyara a 2001, hawan ƙasan ya koma "tunawa". A ajinmu na digiri na biyu, idan aka ce malami ya tsaya a wannan hawan, an yi masa gori ne cikin ladabi.

Ni kuwa da allo na fara, kamar yawancinmu. Shi ya sa duk lokacin da aka ambaci hadda ana taɓe baki, nakan ji an taɓa ni.

Masu sukar suna da gaskiyarsu. Mun san yaron firamare da ke rera Turanci bayan malami, bai san me yake faɗa ba. Wannan karatun aku ne, kuma Bahaushe bai taɓa yabonsa ba. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa duk hadda haka take.

Makarantar allo tana da nata matakan da sunayensu. Ana farawa da babbaƙu, wato haruffa ba wasali, a koma farfaru, a kai ga karanta zube. Malam yana biya wa yaro, yaro yana bi, har ranar da zai biya shi kaɗai. Ba a wanke allo sai an iya, sannan a yi ƙari. A tsangaya, mahaddaci yakan kai ga satu, ya rubuta Alƙur'ani da ka.

A 1976 Wood da Bruner da Ross suka kwatanta taimakon malami da katakon da magina ke kafawa su hau, su cire idan gini ya tsaya. Biyawa ke nan. A 2006 binciken Roediger da Karpicke ya nuna cewa ɗalibin da ya rufe littafi ya yi ƙoƙarin tuno abin da ya karanta ya fi wanda ya yi ta maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Tilawa ke nan.

Ban ce allo ya gama komai ba. Yaro kan sauke bai san ma'anar abin da ya karanta ba, sai in ya zarce zuwa littattafai da tafsiri. Amma ko matakalar Bloom, ba a hawa ta daga tsakiya. Da me za ka feɗe abin da ba ya kanka?

Da yawa daga cikinmu za mu koma gida mu horar da malamai, wasu kuma a nan za su raini 'ya'yansu. Idan muka ɗauki kalmomin jami'a muka zubar da biyawa da ƙari da tilawa, malaman da za mu horar za su ɗauka babu abin da aka sani game da koyarwa kafin zuwan boko. Mu riƙe duka biyun, mu riƙa gwada wannan da wancan.